Yadda ake gwada ƙarfin rodi kafin a zuba dekin

Rodin da aka sauke maka daga kasuwar Kofar Ruwa ta Kano yana da halaye uku da ido ba ya iya tantancewa: ainihin kaurinsa, nauyin da zai ɗauka kafin ya saduda, da kuma yadda zai miƙe kafin ya tsinke. Biyu daga ciki za ka iya gwada su a wurin aiki da sikeli da zarto da guntun bututu. Ɗayan, wato nauyin da zai ɗauka kafin ya saduda, sai an kai ɗakin gwaji. Duk gwajin ana yin sa ne ranar da kaya suka iso, kafin mai ɗaurin rodi ya fara yanka, domin rodin da aka yanka ba ya komawa shago, wanda kuma kankare ya rufe ba mai sake ganinsa.

Abin da rodi yake yi a cikin kankare

Kankare yana jure dannawa sosai, amma idan aka ja shi, abin da yake iya ɗauka bai wuce kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfin dannawarsa ba. Dekin ko bim (gadar kankare mai ɗauke da dekin) da ke tsakanin ginshiƙai biyu, idan nauyi ya hau shi, samansa matsewa yake yi, ƙasansa kuma ya buɗe. A wannan ɓangaren da ke buɗewa ake sa rodi, ya karɓi jan. A kan ginshiƙi da kuma a baranda mai fitowa waje ba tare da madogara ba, abin juyawa yake yi: saman ne ake ja, don haka rodin a sama ya kamata ya zauna.

Ana auna wahalar da ƙarfe ke sha ta hanyar raba ƙarfin da ke jansa da faɗin bakinsa, wato fuskar da kake gani idan ka yanke shi. A takardun gwaji za ka ga an rubuta N/mm², ma'ana niyutan (ma'aunin ƙarfi) nawa ne a kan kowace milimita murabba'i. Idan aka fara jan rodi, da farko miƙewarsa tana tafiya daidai da jan: ka ninka ƙarfi, miƙewar ta ninka, ka saki ya koma tsawonsa na asali. Wannan ita ce dokar da Robert Hooke ya wallafa a 1678. Miƙewar a wannan mataki kaɗan ce ƙwarai. Rodi mai daraja 460 (wato mai jure 460 N/mm² kafin ya saduda) da aka ja har bakin gejinsa bai ƙara fiye da milimita 2.3 a kowace mita. Da an wuce wannan geji sai ƙarfen ya saduda, ya ci gaba da miƙewa ba tare da an ƙara masa nauyin kirki ba, kuma ko an sake shi ba zai koma yadda yake ba. Daga nan ya ɗan sake yin tauri, ya ɗauki ƙarin nauyi har ya kai ƙololuwa, sannan wani wuri guda ya tsuke, ya tsinke a nan.

Lambar da injiniya ya yi lissafi da ita, 460 ko 500, ko 410 da wasu injiniyoyinmu kan ɗauka don taka-tsantsan, ita ce gejin sadudar. Amma tazarar da ke tsakanin saduda da tsinkewa ita ce take ceton rai. Rodin da ke miƙewa sosai kafin ya tsinke yana barin dekin ya lotsa, ya tsattsage a bayyane, mutane su gani su fita. Rodi mai gautsi, ko da ya fi ƙarfi a takarda, ba ya ba da wannan sanarwar. Shi ya sa idan mai ɗauri ya ce maka "wannan rodin akwai tauri, da ƙyar yake lanƙwasuwa", bai isa ya zama shaidar inganci ba. Wani lokacin ma alamar matsala ce.

Ɗaukar samfuri

Ka tanadi sikelin lantarki mai nuna giram, irin na masu sayar da kayan awo, wanda zai ɗauki akalla kilo biyar. Sai tef ɗin awo, zarto ko injin yanka, buroshin waya, alli ko fenti, tukunya babba, da tabarau na kare ido.

Daga kowane kauri da aka kawo, ka zaro sanduna uku daga ɗauri daban-daban, kada duka su fito daga saman tari. Idan mota biyu ta kawo kaya a ranaku daban, kowace mota kayanta daban ne, ko da daga shago ɗaya suka fito. Ka duba jikin rodin tsakanin zanen ƙashinsa, yawanci akwai alamar kamfani da lambar kauri. Ka rubuta abin da ka gani. Idan a ɗauri guda ka tarar da alamomi iri biyu ko uku, an gauraya kaya ne, sai ka gwada kowane iri shi kaɗai.

Rodi a nan yawanci a ninke biyu ake ɗauko shi don ya shiga mota. Kada ka yanki samfuri daga wurin ninkin, ko kusa da shi, domin ƙarfen wurin ya riga ya wuce gejinsa. Ka kuma bar akalla rabin mita daga bakin sanda. Daga kowace sanda ka yanko guda uku: mita ɗaya cif don awon nauyi, kusan santimita 70 don lanƙwasawa, da wata mita ɗaya don ɗakin gwaji. Kafin ka yanka, ka auna tsawon sandar gaba ɗaya. Mita 12 ake sayarwa, kuma ba kullum take cika ba.

Gwajin sikeli

Ba a auna kaurin rodi mai ƙashi da tef ko da ma'aunin kauri a sami gaskiya, saboda zanen jikinsa yana ƙara masa faɗi a wani wuri, ya rage a wani. Nauyi shi ne ba ya ƙarya. Ƙarfe yana da nauyin kilo 7,850 a kowane dunƙule mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi, kuma daga nan aka samo lissafin da ya kamata kowane magini ya haddace: ka ninka kaurin da kansa, ka raba da 162, ka sami nauyin mita ɗaya a kilo.

Ga abin da mita ɗaya ya kamata ta yi, da kuma mafi ƙarancin da ƙa'idar ingancin rodi ta Birtaniya, BS 4449 ta 2005, ta yarda da shi (rangwamen kashi 4.5 cikin 100, ko kashi 6 ga mai milimita 8):

- milimita 8: kilo 0.395, kada ya gaza 0.371
- milimita 10: kilo 0.617, kada ya gaza 0.589
- milimita 12: kilo 0.888, kada ya gaza 0.848
- milimita 16: kilo 1.58, kada ya gaza 1.51
- milimita 20: kilo 2.47, kada ya gaza 2.36
- milimita 25: kilo 3.85, kada ya gaza 3.68

Ka goge samfurin da buroshi ya rabu da ƙasa da ɓawon tsatsa. Ka sake auna tsawonsa bayan yanka, domin kuskuren santimita ɗaya a mita yana kawo kuskuren kashi ɗaya cikin 100 a sakamako. Idan bai cika mita ba, ka raba nauyin da ainihin tsawon. Sikelin ma ka gwada shi tukuna da abin da ka san nauyinsa: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ban da nauyin robar.

A ce rodin da aka sayar maka a matsayin 12 ya ba ka kilo 0.75. Ka ninka 0.75 da 162, ka sami 121.5. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan ita ce 11. To rodinka mai milimita 11 ne. Mutum zai ce milimita ɗaya ai ba komai ba ce, amma ƙarfi ba da kauri yake tafiya kai tsaye ba, da faɗin baki yake tafiya. Mai 12 faɗin bakinsa milimita murabba'i 113 ne, mai 11 kuwa 95. An rasa kashi 16 cikin 100 na ƙarfen ke nan. Cikakken rodi mai 12, daraja 460, yana ɗaukar kusan tan 5.3 kafin ya saduda. Wannan siririn, ko da ƙarfensa mai kyau ne, a wajen tan 4.5 zai tsaya. Haka mai 16 da ya fito 15, kashi 12 cikin 100 ya tafi.

A nan ne maganar saye da tan take da muhimmanci. Tan ɗaya na cikakken mai 12 kusan sanda 94 ne, na mai 16 kusan 53, na mai 10 kusan 135. Idan aka ƙirga maka sanda 94 aka ce tan ne ba tare da an ɗora a sikeli ba, siririn rodi ya cinye maka kuɗi. Idan kuma da sikeli ka saya, ka ga sanduna sun haura ɗari, kada ka yi murna da gyara. Mai ɗauri da ƙirge yake jera rodi bisa zanen gini, don haka kowace mita ta dekin za ta sami ƙarfe ƙasa da wanda aka lissafa mata.

Idan nauyi ya gaza, abu mafi sauƙi shi ne a mayar da kaya. Idan ba hali, injiniyan da ya zana ginin ne zai sake lissafi, ba birkila ba, ba kuma mai gida ba. Misali, zane ya ce mai 12 a tazarar milimita 200, wato sanda biyar a mita, jimillar faɗin baki 565. Da siririn mai 95, sai tazarar ta dawo ƙasa da 168 kafin a sami wannan adadin, a aikace a ce 150. A dekin wannan gyara yana yiwuwa. A bim da ginshiƙi, inda wuri ya riga ya matse, ƙara sanduna yana iya hana tsakuwa ratsawa, a sami ramuka a cikin kankaren.

Gwajin lanƙwasawa

Wannan shi ne gwajin gautsi, kuma a nan aka fi yin kuskure, saboda sakamakon ya dogara ga kaurin abin da aka naɗa rodin a kansa. Ƙa'ida ita ce turken lanƙwasawa ya yi ninki huɗu na kaurin rodi ga mai 16 zuwa ƙasa, ninki bakwai ga wanda ya haura 16. Wato milimita 40 ga mai 10, 48 ga mai 12, 64 ga mai 16, 140 ga mai 20.

Dalilin yana cikin lissafi mai sauƙi. Idan aka lanƙwasa sanda, bayanta miƙewa yake yi, cikinta ya matse. Miƙewar bayan tana daidai da kaurin rodin a raba da jimillar kaurin turke da na rodi. A kan turke mai ninki huɗu, bayan rodin yana miƙewa kashi 20 cikin 100. Yanzu ka dubi teburin mafi yawan masu ɗauri: guntayen rodi ne aka kafa a katako, a kansu ake karya komai. Mai 12 a kan turken 12, miƙewar bayansa ta kai kashi 50 cikin 100. Ko rodi mai kyau zai iya tsagewa a haka, kuma wanda bai tsage a fili ba ya riga ya raunana a daidai kusurwar da ake buƙatar ƙarfinsa.

Gyaran ba shi da tsada. Bututun ƙarfe na ruwa mai inci ɗaya da rabi, faɗinsa ta waje milimita 48 ne da ɗan ɗigo, daidai da abin da mai 12 ke buƙata. Ka sami mai kaurin jiki, ka yanki guntu, ka zura shi a kan turken teburin. Mai inci ɗaya da kwata zai yi wa mai 10. Na sauran, mai walda ko mai injin gurzar ƙarfe zai yi maka su daga dunƙulen ƙarfe. A bar su a teburin don aikin gaba ɗaya, ba don ranar gwaji kaɗai ba.

Ka sa tabarau, kowa ya kauce daga gefen da bakin rodin zai nufa idan ya karye. Ka lanƙwasa samfurin a hankali, ba da fizga ba, ba da guduma ba, har ya yi kusurwar digiri 90. Ka duba bayan gwiwar da kyau cikin hasken rana, musamman gindin kowane ƙashi, don a nan tsaga take farawa. Ɓawon baƙi-baƙi da ke ɓarewa daga jikin ƙarfe ba tsaga ba ne, ka goge shi ka sake dubawa. Tsaga ita ce layin da ya ratsa rodin a kwance, wanda farce ke maƙalewa a cikinsa.

Wanda ya tsallake wannan, sai mataki na biyu. Ka jefa shi cikin tafasasshen ruwa, ya yi awa ɗaya yana tafasa. Ka ciro shi ka bar shi ya huce da kansa a iska, kada ka zuba masa ruwan sanyi. Sannan ka mayar da shi teburi ka buɗe gwiwar baya da akalla digiri 20. Tafasawar tana gaggauta wani canji da kan faru a hankali cikin makonni: a ƙarfen da aka lanƙwasa, sinadaran naitirojin da kabon da ke yawo a cikinsa suna taruwa a wuraren da suka motsa, su ƙara masa tauri da gautsi. Rodin da zai karye bayan wata guda idan an zo gyara shi a gindin ginshiƙi, a wannan gwajin zai nuna halinsa yau.

Idan samfuri ya karye, ka dubi bakin karayar. Baki mai launin toka, marar ƙyalli, wanda ya ja ya tsuke kafin ya rabu, na ƙarfe ne mai jurewa. Baki shafaffe mai ƙyalƙyali kamar an karya ƙanƙarar sukari, ba tare da wata tsukewa ba, gautsi ne. Mafi yawan lokaci sanadin shi ne kabon ya yi yawa. Ƙa'idar BS 4449 ba ta yarda kabon ya wuce kashi 0.24 cikin 100 a rodin da aka gama ba, haka fosfaras da salfa an taƙaita su. Rodi da yawa daga narkakken tsohon ƙarfe ake yin sa, kuma wannan ba aibi ba ne idan ana tantance abin da ke shiga tukunyar. Amma idan sifirin mota da tsoffin injuna suka shiga ba lissafi, kabon yana haurawa, kuma narki ɗaya yana iya bambanta da na bayansa. Dalilin da ya sa gwajin watan jiya ba ya wakiltar kayan yau ke nan.

Guda ɗaya ya tsage a cikin uku, ka ɗauki wasu shida daga wannan kayan ka sake. Idan aka sake samun ko ɗaya, kayan ba na ginshiƙi ko dekin ba ne.

Gwajin ja a ɗakin gwaji

Sikeli da turke ba za su gaya maka gejin saduda ba. Rodi yana iya cika nauyi, ya lanƙwasu lafiya lau, amma ya kasance mai laushi, darajarsa ba ta kai wadda aka yi lissafi da ita ba. Ga ginin bene wannan gwajin wajibi ne, kuma kuɗinsa ba ya kusa da kuɗin tan ɗaya na rodi. Ana tambaya a sassan injiniyan gine-gine na manyan makarantu irin su Jami'ar Bayero, ko a ɗakunan gwajin kayan gini masu zaman kansu. Ka kai samfurin da hannunka ko ta hannun injiniyanka, kowanne da lambarsa a jiki. Takardar gwajin da mai shago zai nuna maka ta wasu sanduna ce, ba waɗanda ke gabanka ba.

A can za su yi alamomi a jikin rodin, tazarar ninki biyar na kaurinsa, wato milimita 60 ga mai 12. Injin zai kama bakinsa biyu ya ja har ya tsinke, yana rubuta nauyin da ya ɗauka. Abu uku za ka nema a takardar.

Na farko gejin saduda. A ce mai 12 ya saduda a kiloniyutan 54. Ka raba 54,000 da 113, ka sami 478, ya wuce 460. Amma ka tambaya da wane faɗin baki aka raba. Siririn rodin nan mai 95, idan ya saduda a kiloniyutan 46 aka raba da ainihin faɗinsa, 484 za a gani, takarda ta yi kyau. A raba da 113 da injiniya ya dogara da shi kuwa, 407 ne. Wannan lambar ta biyun ita ce dekin zai gani.

Na biyu, ƙololuwar ƙarfi a raba da gejin saduda. Ga rodin B500B, da tsohon 460B (sunayen darajojin rodi a ƙa'idar BS 4449), kada ya gaza 1.08. Idan ƙololuwa ta zo dab da geji, rodin ba shi da ragowar da zai bayar bayan ya saduda.

Na uku miƙewa. Ana haɗa guntayen biyu a sake auna tazarar alamomin da suka kewaye wurin tsinkewar. Idan 60 ta koma 70, miƙewar ta kai kusan kashi 17 cikin 100. Tsohuwar ƙa'idar BS 4449 ta 1997 tana neman akalla kashi 14 ga 460B. Ta 2005 tana auna miƙewar da aka samu a daidai lokacin ƙololuwar nauyi, kuma tana neman akalla kashi 5 ga B500B, don haka ka duba wacce aka rubuta kafin ka kwatanta. Samfurin da ya tsinke a cikin haƙoran injin ko dab da su ba a ƙirga shi, sai a sake da wani. Kuma kada ka tsaya a matsakaicin sakamakon ukun, mafi ƙanƙantar lambar ita ce abin dubawa.

Abin da ke lalata rodi mai kyau bayan ya ci gwaji

Wuta ita ce ta farko. Rodin da ake kira TMT ana watsa masa ruwa ne yana fitowa da zafi daga injin, sai fatarsa ta yi tauri, cikinsa ya zauna da laushi, kuma ƙarfinsa daga wannan haɗin yake. Idan aka gasa shi da wutar gas don ya yi sauƙin lanƙwasawa, taurin fatar ya tafi, wurin ya koma ƙasa da darajarsa. Idan kuma aka tsoma shi a ruwa yana ja, gautsi ya shiga. Walda ma haka, ba a yin ta a kan rodi sai injiniya ya amince kuma an san yawan kabon ɗinsa. Haɗin sanduna da ɗorawa ake yi, tsawon da zane ya faɗa, wanda sau da yawa yakan kai ninki 40 zuwa 50 na kauri, wato har milimita 600 ga mai 12, kuma ba a tara duk haɗin a layi ɗaya ko a tsakiyar dekin ta ƙasa.

Sai lanƙwasawa da miƙarwa. Ka ɗauki wayar ɗauri ka yi ta kai ta gaba da baya a wuri ɗaya: za ka ji tana ƙara tauri, tana ɗumi, sannan ta katse. Kowace lanƙwasa tana cin wani kaso na miƙewar da ƙarfe ke da ita, kuma ba ta dawowa. Don haka rodin ginshiƙi da ya fito a karkace daga tushe ba a karya shi da guduma a dawo da shi layi, a kira injiniya ya duba. Wurin ninkin mota a yanke shi a yi ƙananan ayyuka da shi, ko a tabbatar bai faɗa inda jan ya fi yawa ba. Rodin rusau da aka miƙar, da wanda ya fito daga ginin da ya yi gobara, ba su da gurbi a dekin ko ginshiƙi. A zafin digiri 600 ƙarfe yana rasa kusan rabin ƙarfinsa, kuma ba ka san zafin da wancan ya sha ba.

Tsatsa mai launin ja da hannu ke gogewa ba ta da illa. Wadda ke ɓarewa falle-falle ko ta yi ramuka, a goge ta da buroshi a mayar da samfurin kan sikeli, nauyin ne zai yanke hukunci. Da damina a ɗora rodi a kan katako ya bar ƙasa, a rufe shi. Baƙin man da kafintoci ke shafa wa katakon dekin kada ya taɓa rodi, domin yana hana kankare kama shi. A shafa man tukuna, sannan a jera ƙarfe.

Ranar zubi, a sa biskit na siminti, wato ƙananan gutsattsarin da ke ɗaga rodi daga katako, a ƙarƙashin rodi, mai kaurin da zane ya nuna, galibi milimita 20 zuwa 25 a dekin. A baranda kuma a sa kujerun ƙarfe da za su riƙe rodin sama a matsayinsa, a shimfiɗa katako inda masu ɗaukar kwano za su bi. A dekin mai kaurin milimita 150, idan ƙafa ta danne rodin sama ya sauka zuwa tsakiya, ƙarfin barandar ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100, don haka a tsayar da mutum ɗaya da ƙugiya yana duba tsayin rodin a gaban masu zubi har a gama.